Atamfar dai tamu ce, amma injin na waye? Ra'ayina kan Yinka Shonibare

Akwai wani mutum a Landan da ya shafe sama da shekara 30 yana ɗinka wa Turawan da suka mutu tuntuni kayan atamfa. Sunansa Yinka Shonibare, Bayarabe ne, kuma yana cikin masu fasaha 'yan asalin Najeriya da sunansu ya fi tashi a duniya yanzu. Abun da yake yi in aka ba ka labari da baki sai ka ɗauka wasa ne. Zai samo mutum-mutumi irin wanda ake rataya wa kaya a shagon tela, babu kai, ya sa a ɗinka masa kwat da wando da falmaran irin na attajiran Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya, ɗinki sak ba kuskure, sai dai yadin atamfa ce mai ja da ruwan ɗorawa da kore, irin wadda za ka gani a jikin mata ranar suna. Shikenan sai a kai gidan baje kolin zane a ajiye, Turawa su yi layi suna kallo suna kaɗa kai.

Mutane iri biyu ne na ga suna yawan magana a kansa. Akwai masu cewa gwarzo ne da ya shiga har cikin gidan 'yan mulkin mallaka ya tona musu asiri, akwai kuma masu cewa ɗan Ingila ne kawai da yake sayar wa Bature "Afirka" a cikin leda mai kyau, har sun ba shi lambar yabo. Ni dai a ganina mutumin ya yi gaskiya a tambayar da ya ɗauko, gaskiya mai ɗaci ma, amma ya tsaya a inda tambayar ta fara zafi, kuma ragowar ba shi ya kamata ya ƙarasa ba, mu ne.

An haife shi a Landan a 1962, babansa lauya ne, aka koma da shi Legas yana shekara 3, can ya tashi yana Yarabanci a gida yana Turanci a makaranta, ya sake komawa Ingila yana ɗan shekara 17. Yana 18 wani ciwo ya kama masa lakar baya ya shanye masa ɓarin jiki guda, har yau a keken guragu mai batir yake, shi ya sa shi yake tsara aikin, yana da ma'aikata masu ɗinki da masu sassaƙa da suke aiwatarwa. Labarin da yake yawan bayarwa shi ne lokacin yana makarantar koyon zane a Landan yana yin ayyuka kan siyasar Tarayyar Sobiyat ta lokacin Gorbachev, sai wani malaminsa ya tambaye shi me ya sa ba ya yin zane na ainihin Afirka. Ka ji fa. Yaron da ya tashi a Legas yana kallon talabijin yana shan Coca-Cola, wai shi ba shi da hurumin magana kan Rasha, sai dai ya je ya sassaƙo dodo. Toh sai ya tafi kasuwar Brixton, unguwar baƙaƙen fata a kudancin Landan, neman wannan ainihin Afirkan, ya tarar da atamfa jibge, da ya bi sawunta sai ya gano ashe ita ma baƙuwa ce.

Kuma haka ne. Asalin salon daga tsibirin Java na Indonesiya yake, inda mata ke zana kakin zuma a jikin yadi da hannu sannan a rina, wurin da kakin ya rufe rini ba ya kama shi. Holan ce ke mulkin Indonesiya a ƙarni na 19, sai 'yan kasuwarsu suka ce bari su yi irinsa da inji ya fi sauri ya fi araha su kai musu su sayar. 'Yan Java suka duba suka ga kakin ya tsattsage rini ya shiga ta tsagun, suka ce wannan ba shi ba ne, suka ƙi saye. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 aka juyo da kayan gaɓar Afirka ta Yamma, musamman Gwalkwas, wato Gana ta yau, nan kuma wannan tsattsagewar da aka raina can ita ce ta burge mutane. Kamfanin Vlisco da ke garin Helmond na ƙasar Holan, wanda aka kafa tun 1846, har gobe shi ne sarki a harkar, shi ne dai Holan ɗin da Super ɗin da ake tambaya in an buɗe akwatin lefe. Ingilish kuma daga wajen Manchester ta fito.

Yanzu dan Allah a je a gaya wa wata Hajiya a Kantin Kwari cewa atamfa ba kayanmu ba ne. Za ta kalle ka ne kawai ta ci gaba da cinikinta. Kuma ita ke da gaskiya. Wa ya san wace atamfa ce ta amarya wace ce ta zaman gida, wa ya san turmi nawa za a sa a lefe kafin dangin amarya su daina taɓe baki, wa ya ƙirƙiro anko, wa ya san ɗaurin ɗankwalin da ya dace da ita? Ba ɗan Helmond ba. A Lome ta ƙasar Togo har akwai matan da ake kira Nana Benz, dillalan atamfa da suka yi kuɗi har suna hawa Marsandi, su ne suke faɗa wa kamfani irin zanen da zai shiga kasuwa da wanda zai kwana a shago, su ne kuma suke raɗa wa zane suna. Bature yana da inji, amma ma'anar kayan a hannun matan nan aka yi ta. Mu maza ma kada mu yi dariya, shaddar gezna da muke ƙure adaka da ita ranar Sallah, kamfanin Getzner ne ke saƙa ta a ƙasar Ostiriya, kuma ba wanda ya taɓa ganin mutum cikin babbar riga ta gezna ya ce ya yi shigar Turawa.

Wannan shi ne abun da Shonibare ya kama, kuma nan nake tare da shi ɗari bisa ɗari. Duk wanda ya ce sai abu ya zama tsantsa, ba gauraye, kafin ya zama na Afirka, toh ma'aunin Bature ya ara ko bai sani ba. Su ne suke son Afirka ta tsaya cak a gidan tarihi, da ƙwarya da ganga da fatar damisa, su kuma su yi ta canzawa suna aro daga ko'ina ba mai cewa sun bar asali. Shayin da Baturen Ingila ke alfahari da shi ganyen tun asali daga Sin da Indiya aka riƙa kawo shi, sukarin kuma a da bayi ne suke noma shi a tsibiran Karibiyan, amma ba ka taɓa jin an ce shan shayi ba al'adar Ingila ba ce. Sai mu ne za a ce in mun ari abu mun ɓata. Kuma ba Shonibare ne ya fara wannan faɗan ba, tun 1958 wasu ɗalibai a sashen zane na kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello daga baya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka ƙi yarda a koya musu zane kamar suna Landan, suka kuma ƙi yarda a ce su koma su kwaikwayi kakanni kawai, suka ce za su haɗa biyun su fitar da nasu. A Zariyarmu aka yi wannan, amma mu nawa muka sani.

Aikinsa da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2003 kan wawason Afirka. Dogon tebur ne, an zana taswirar Afirka a kansa, mutum 14 zaune kewaye, dukkansu ba kai, dukkansu cikin kwat na atamfa, wannan ya miƙa hannu yana nuna yanki, wancan ya dafa kafaɗar na kusa da shi, wani ya jingina kamar ya ƙoshi. Taron Balin ne na 1884 zuwa 1885, wanda Bismarck ya kira, ƙasashe 14 suka zauna suka shimfiɗa ƙa'idar yadda za su raba nahiyar ba tare da sun yaƙi juna ba, kuma ko ɗan Afirka ɗaya ba a gayyata ba. Ba a kai shekara 20 ba sojojin Lugga suka shiga Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yuli. Ƙasar Hausa ɗaya aka tsaga ta biyu, Katsina ta Ingila Maraɗi ta Faransa, har yau in za ka ziyarci ɗan'uwanka sai an tsare ka a Jibiya. Don haka teburin nan ba labarin wasu ba ne. Rashin kan kuwa, shi ya ce yana tuna yadda aka fille kawunan masu sarauta a juyin juya halin Faransa, kuma in ba fuska ba za ka iya cewa wannan fari ne ko baƙi ba. Ni kuma abun da na gani ya fi wannan sauƙi, mutane ne da suka yanke wa miliyoyi hukunci ba tare da tunani ba. A gefe guda abun ya ba ni dariya, don mu da muke da ƙyamar mutum-mutumi saboda addini, ga wani ya zo ya cire kawunan da kansa ba don malam ya ce ba.

Sai babban wanda ya fito da shi idon duniya. A dandalin Trafalgar da ke tsakiyar Landan akwai wani dakali da aka gina don gunkin sarki amma ya zauna ba komai a kai shekara da shekaru, yanzu ana ba masu fasaha aron sa. A 2010 aka ba Shonibare, ya ɗora wata ƙatuwar kwalba, a cikinta samfurin jirgin ruwan yaƙi na Nelson, kwamandan da ya ci Faransa da Sifen a teku a 1805, nasarar da ta ba Ingila ikon teku har ta samu damar mamaye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duniya. Filafilan jirgin guda 37 duk da yadi mai zanen atamfa aka yi su. Ga gunkin Nelson can sama kan dogon ginshiƙinsa, ga jirginsa a ƙasa an kulle a kwalba an sa masa zani. Da aka sauke shi a 2012 jama'a suka yi karo-karo aka saye shi, yana ƙofar gidan tarihin jiragen ruwa a Greenwich yanzu.

Toh nan ne masu suka suke shigowa, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Idan da gaske aikin yana cizo, me ya sa waɗanda ake cizon suke tafi har suna haɗa kuɗi su saya? Sannan ga maganar lambar yabo. An ba shi MBE, a 2019 aka ƙara masa zuwa CBE, wato kwamanda a tsarin girmamawa na Daular Birtaniya, daular dai da yake suka, kuma bai ɓoye ba, manna haruffan ya yi a jikin sunansa yana sa hannu da su a ayyukansa. Mawaƙi Benjamin Zephaniah, ɗan asalin Karibiyan, an ba shi irin wannan lamba a 2003 ya ƙi karɓa a fili saboda kalmar daular da abun da ta yi wa kakanninsa. Shi Shonibare hujjarsa ita ce gara ka shiga ciki ka yi magana da ka tsaya waje kana ihu ba mai jin ka.

Ni ba zan jefe shi ba, don laifi tudu ne. Sa Ahmadu Bello muke cewa, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Sa Abubakar na uku, Sa Kashim Ibrahim, wannan Sa ɗin daga fadar Ingila ya fito, kuma da alfahari muke faɗinsa ba mu taɓa cewa sun sayar da mu ba. Ladi Kwali da ke bayan naira 20 ita ma tana da MBE. Amma kuma ba zan yi kamar ban san cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski ba. Manyan gidajen tarihin Ingila sun iya wani abu, suna son a soke su da kyau, da launi, da barkwanci, mutum ya kalla ya ji ɗan kunya kaɗan ya wuce shagon tsaraba ya sayi kati. Suka mai daɗin kallo ba ta hana kowa barci, kuma kayan tarihin masarautar Benin ta jihar Edo da sojojin Ingila suka kwashe a 1897 da yawansu na nan a gidan tarihin Birtaniya ana ta taro a kansu.

Sai dai in za a yi adalci ba duk aikinsa ne mai laushi ba. A garin Leeds a 2023 ya kafa wani dogon fure mai launin atamfa, dangin zoɓo, don tunawa da David Oluwale, wani ɗan Legas da ya shiga Ingila a 1949 a ɓoye cikin jirgin ruwa, ya ƙare yana kwana a titi, 'yan sanda suka yi ta cin zalinsa har aka tsinci gawarsa a kogin Aire a 1969, daga baya kotu ta ɗaure biyu daga cikinsu kan laifin dukansa. Garin da abun ya faru ne ya yarda aka kafa wannan a tsakiyarsa, ba ƙaramin abu ba ne. A baje kolin Venis na 2024 kuma, a rumfar Najeriya, ya jera kwafin kayan Benin da aka yi da yumɓu, ya ajiye kan Harry Rawson, jagoran harin 1897, a cikin akwatin gilashi an shafe shi da zanen atamfa, wato yau ɓarawon ne abun kallo. Akwai kuma ɗakin littattafai sama da 6,000 da ya naɗe da atamfa, aka rubuta sunayen baƙin da suka gina Ingila da ruwan zinare a ƙeyarsu, har da sunayen masu ƙin baƙin, gidan baje kolin zane na Tate ya saye shi a 2019.

Inda na rabu da shi ba lambar yabo ba ce. Shi tambayarsa ita ce atamfa ta waye, amsarsa kuma ta kowa ce, duk gauraye muke, ba tsantsa. Na yarda. Amma wannan amsa ta fi daɗi ga wanda ke da fasfo biyu. Wanda ke Kakuri, unguwar masaƙu a Kaduna, tambayarsa daban ce, kuɗin atamfar aljihun wa yake shiga.

Mu tuna Kano ba da sayen yadi ta yi suna ba, da sayar da shi ta yi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo a 1851 ya rubuta cewa saƙi da rinin Kano suna kaiwa Timbuktu da Gat da Murzuk har Tarabulus. Masu kaɗi, masaƙa, marina, mabuga, garuruwa guda irin su Kura da turkudi suka rayu, Buzaye na rufe fuska da shi a tsakiyar Sahara. Da Turawa suka zo lissafinsu a fili yake, a 1902 aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, burinsu Arewa ta noma auduga a loda a jirgin ƙasa a kai masaƙun yankin Lankasha na Ingila, a saƙa a dawo mana da ita a matsayin akoko da atamfa mu saya. Dogo ya iso Kano a 1911. Abun sha'awa da farko lissafin bai ci ba, don masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da tsada, manoma kuma suka ga gyaɗa ta fi riba suka koma can, amma a hankali yadin inji mai araha ya danne na hannu. Gadon mulkin mallaka na gaskiya kenan a harkar sutura, kai ka noma, wani ya sarrafa, kai ka saya.

Su Sardauna sun gane wannan, shi ya sa aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfanin Lankasha, masaƙar UNTL ta biyo a 1964, ga Arewa Textiles, ga na Kano a Bompai da Sharaɗa da Challawa. An yi lokacin da atamfar Najeriya ake fita da ita maƙwabta, Kakuri in an tashi aiki kekuna sai sun toshe hanya. Sai wuta ta zama abun da ta zama, baƙin mai ya yi tsada, injuna suka tsufa ba a canza ba, aka buɗe ƙofa, kayan fasa ƙwauri suka yi ta kwararowa ta kan iyaka, masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, mutane da yawa suka mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Yau mafi yawan abun da ke Kantin Kwari daga Sin yake, kwaikwayon na Holan, wanda shi ma kwaikwayon na Java ne. Mai kuɗi ya sayi na Helmond talaka ya sayi na Sin, mu namu dillanci da dako. Wannan karon ba a Balin aka zauna ba, a Abuja aka sa hannu, kuma masu sa hannun da kawunansu a wuyansu, har da hula.

Shi ya sa in na ji 'yan bokonmu suna ta muhawara a intanet kan ko atamfa ta Afirka ce ko ba ta Afirka ba, wasu har suna cewa a daina sawa a koma saƙi don kishin asali, sai in ga an bar jaki ana dukan taiki. Ba mai komawa saƙin hannu ya tufatar da mutum sama da miliyan 200, kuma ba dole. Indiya ma Ingila ta karya mata masaƙa, yau tana cikin manyan masu fitar da yadi a duniya, ba da wa'azin asali ta yi ba, da wuta da inji da auduga da gwamnatin da ta tsaya wa masana'antunta ta yi.

Ba ina cewa aikin mai zane ne ya tayar da masaƙa ba. Shi nasa ya yi, har ya wuce, don ya ɗebo kuɗin da ya samu a wurin Turawan ya gina gidan saukar masu fasaha a Legas da gona a yankin Ijebu, aka buɗe a 2022, matasa na zuwa su zauna su yi aiki su haɗu da na waje. Attajiranmu na Arewa nawa ne suka yi wa masu rinin Ƙofar Mata ko ɗaliban zane na Zariya kwatankwacin haka? Karofin da ake cewa tun 1498 suke, yawancin ramukan sun bushe, sai in baƙo ya zo a kai shi ya ɗau hoto.

Abun da zan so dai shi ne wata rana a ɗauko teburin nan na mutum 14 a kawo shi Kaduna, ba otal ba, cikin ɗaya daga manyan zaurukan masaƙun Kakuri da suka zama kango, a buɗe ƙofa kyauta, a gayyato tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwar Kwari da ɗaliban zane, a kuma aika wa ministan masana'antu da shugaban kwastan katin gayyata, a ajiye musu kujera a gaba. Kuɗin jigilarsa da inshora ba zai kai na bikin 'yar gwamna ɗaya ba.